Allon Da Ba A Wanke Ba

Ina tsugunne a tsakar gida ina wanke kofunan shayi Hajiya Dije ta yi sallama, irin sallamar nan da ake yi don dai kar a ce ba a yi ba. Ita ce mahaifiyar Nazeer, wanda saura sati biyar a ɗaura mana aure. Da sauri na shimfiɗa mata darduma, na durƙusa ina gaishe ta.

Ko kallon dardumar ba ta yi ba.

"Kira min uwarki."

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zaninta, tana lale marhabin. Hajiya kuwa waya ta zaro daga jaka, ta danna, ta ɗaga mana ita a saitin fuska.

Ni ce a ciki.

Ina zaune kan tabarma a ɗakina, allo a cinyata, ina jijjiga ina karatu da ƙarfi cikin wani yare da ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba kuma Turanci ba. Ana tsakiyar karatun sai ga sunan Nazeer ya fito ras. Sai ga nata sunan, Dije, gatsal, babu ko Hajiya. Sai aka nuno ni ina wanke allon a cikin kwano, baƙin ruwa na gangarawa. Daga nan kuma sai ga ni a soro ina tsiyaya wa Nazeer zoɓo a kofi, yana sha yana murmushi.

Umma ta dafe bango tana salati.

"Sunan yaro da sunan uwarsa," in ji Hajiya. "Duk wanda aka haifa a garin nan ya san wurin da ake haɗa sunan mutum da na uwarsa a wanke a ba shi ya sha. Kuma da yaren coci! Ni dama na yi mamakin yadda yaron nan ya mace a kanki haka... ashe shayar da shi ake yi."

Ta ce ranar Asabar za ta turo a kwashe akwatunan lefe, ta juya ta fice. Ni kuwa ina nan a durƙushe, kumfar sabulu a hannuna, ban ce uffan ba. Kar ku ɗauka tsoro ne ya rufe min baki. Zuciya ce kawai.

Bari na gaya muku ko wace ce ni, tunda waya ta riga ni magana.

Sunana Ikram, 'yar Malam Ɗantani na Soron Ɗinki, mai karantar da litattafai a soron gidanmu tun ba a haife ni ba. Shekarata ta ƙarshe ke nan a jami'a a Ibadan, ina haɗa karatu biyu: fasahar kafofin sadarwa na zamani, wato ɗaukar bidiyo da tace shi da sarrafa sauti, sai kuma Latin, tsohon yaren mutanen Rum da yanzu ba a hira da shi sai a littafi. Duk wanda na gaya wa na farkon sai ya ce madalla. Da na ambaci na biyun sai ya dube ni kamar na ce ina kiwon kada a randa.

Ni kaina ban je da niyyarsa ba. Ranar farko na leƙa ajin ne kawai, na ji malamar tana ta wahalar bayyana wa ɗalibai yadda ƙarshen kalma ke sauyawa gwargwadon aikinta a jimla. 'Yan ajin duk sun yi zuru. Ni kuwa dariya ta kusa ƙwace min, don wannan ai shi ne nahawun da Baba ya ɗura min tun ina 'yar shekara tara. Kafin zango ya ƙare na wuce yaran da suka fito daga makarantun mishan, ni mai hijabi daga cikin badala. Wallahi na ji daɗin abin nan, ba zan ɓoye ba.

Sai dai kaina ba ya riƙe hadda daga takarda. Da na koka wa Baba, da kansa ya shiga Kasuwar Kurmi ya sayo min sabon allo fil, ya sa wuƙa ya yi masa tsaga biyu a wuya don kar ya taɓa cakuɗuwa da allunan Alƙur'ani. Sharaɗi biyu ya kafa min. Duk abin da zan rubuta sai na fassara masa ya ji, sannan ruwan wankin ba a zuba shi a kwata, don ilimi ne ko da na wace ƙasa ne. Shi ya sa nake wankewa a kwano na zuba a gindin lemon tsamin gidanmu.

Ga allo, ga kwano. Zoɓon kuwa na ranar Sallah ne, wata huɗu kafin nan.

Kallo ɗaya na yi wa bidiyon na ga inda aka yanka aka liƙa. Aikina ne fa. Mayafin da ke jikina ma ba ɗaya ba ne. Na kuma san mai aikin: Firdausi, 'yar gwaggon Nazeer, wadda tun suna yara ake tsokanarta da matar Nazeer har ta ɗauki wasan da gaske. Makon jiya ta zo gidanmu na ɗaukar mata hotunan turarukan da take sayarwa, kyauta, har da rakiya bakin lungu ina ce mata 'yar'uwa.

Ban damu da ita ba. Kiran Nazeer nake jira.

Bayan azahar ya kira. Na ɗauka da sauri, zuciyata ta yi sanyi tun kafin ya yi magana, don na tabbata dariya zai yi ya ce rabu da su.

Ya yi gyaran murya.

"Ikram... Hasken idona, kin san ina sonki. Ni dai ki gaya min tsakaninki da Allah, mene ne a cikin zoɓon nan?"

Na ji kamar an watsa min ruwan randa a baya.

"Citta da kanumfari da ɓawon abarba," na ce. "Da sukari kaɗan, saboda kai ka ce ba ka son zaƙi."

Na kashe wayar gaba ɗaya.

Na yi kuka ranar, kuka mai yawa. Zagin Hajiya bai yi min ciwo kamar tambayar nan ba. Shekara uku muna tare, ya san ni ciki da bai, amma bidiyon minti ɗaya ya sa yana neman na rantse masa.

Umma ta bi ni da roƙo. Ta ce na ɗauki kwamfutata mu tafi Jakara gidan su Nazeer na nuna musu gaskiya, tunda ina da ita, kafin maganar ta gama zaga dangi. Ai kuwa ta zaga. Kafin kwana biyu bidiyon ya shiga duk wayoyin unguwa, har masu kawo markaɗe gidan maƙwabta suna leƙen gidanmu. Wata ta ce dama tun da aka bar 'yar malam ta tafi Kudu suka san za a rina. Na ce wa Umma ƙafata ba za ta taka gidan kowa da sunan wanke kai ba, tunda ban yi datti ba.

Ta kai ƙarata wajen Baba. Ya kira ni soro bayan ɗalibai sun watse, ya tambaye ni ko abin da ke allon shi ne wanda na fassara masa rannan. Na ce shi ne. Ya gyaɗa kai, ya ce da Umma a share akwatunan a jera su a soron ciki, kar masu ɗauka su sha wahala.

"'Yata ba ta yi abin kunya ba," ya ce. "Wanda yake son sani ya zo ya zauna ya tambaya, kamar yadda ake tambayar karatu."

Ranar na san inda na gado taurin kaina.

Abin da ya hana ni buɗe baki kuwa, sirri ne da na yi wata shida ina dafawa. Mahaifin Nazeer, Malam Maharazu, baduku ne a Kasuwar Kurmi, Allah Ya yi masa rasuwa shekara biyu da suka wuce. Mutum ne da ba ya yarda a ɗauke shi hoto, ko na bikin 'ya'yansa babu shi a ciki. A hutuna na shekarar farko aka ba mu aikin ɗauko mai sana'ar hannu, na yi ta yi masa naci har ya amince, bisa sharaɗin hannunsa kawai zan ɗauka ban da fuska. Kwana uku na yi a rumfarsa. A nan na fara ganin Nazeer, ya kawo wa babansa fatu daga majema, ya yi tuntuɓe da ƙafar kyamarata, ya shekara yana ba ni haƙuri.

Da aka ce furojet ɗinmu na ƙarshe dole ya haɗa fannonin biyu, fim gajere da bayaninsa cikin Latin, kuma da ka za a karanta, sai na tono tsofaffin hotunan nan. Niyyata ranar da aka kai ni na ajiye wa Nazeer da Hajiya fim ɗin a matsayin tukwicina. Bayanin nasa nake haddacewa a allo.

To yanzu na ɗauki kyautar da na tanada na mayar da ita shaidar kotu? Raina ya ƙi.

Ranar Alhamis bayan la'asar Nazeer ya zo. Bai aiko a kira ni ba. Cikin ɗaliban Baba ya zauna, ya naɗe ƙafa har aka shafa fatiha, sannan ya nemi izinin ganina. Na fito na tsaya daga bakin ƙofa. Ya rame, idonsa ya faɗa, amma ban bari tausayi ya nuna a fuskata ba.

Ya ce bai zo tambayar komai ba. Ya ce tun da ya ajiye wayar nan yake jin kunyar kansa, kuma ya gaya wa Hajiya in ba ni ba, to a bar maganar aure.

"Amma ai ka tambaya," na ce.

"Na tambaya, Ikram. Na yi kuskure. Ki hukunta ni yadda kike so, amma don Allah kar ki hukunta ni da rashinki."

Na kawar da kai don kar ya ga idona ya ciko. Na ce in yana son ya gyara, ranar Asabar kar a turo 'yan aike. Hajiya ta zo da kanta, kuma ta taho da Firdausi.

Ban san yadda ya yi ba, amma ranar Asabar da hantsi sai ga su. A soron ciki aka zauna, akwatuna shida a jere jikin bango an goge su tas. Baba yana kan buzunsa, Umma a gefe. Hajiya ta zauna a ɗofane kamar wadda ke jiran mota. Firdausi ta sha kwalliya, sai danna waya take.

Na shigo da allona da kwano da buta. Na gaishe da kowa, na zauna, na ɗora allon a cinya.

Na karanta.

Da ƙarfi na karanta, ina jijjiga kamar yadda na saba, ban rage ko harafi ba. Da na zo kan sunan Nazeer na faɗe shi. Da na zo kan nata na faɗe shi, na ga ta runtse ido. Na gama, na karkata allon a kan kwano, na zuba ruwa na wanke shi fes. Niyyata na miƙe su biyo ni su ga inda nake zubarwa.

Kafin na yunƙura Nazeer ya miƙo hannu ya ɗauke kwanon.

"Kai! Ajiye!" in ji Hajiya.

Ya dube ta cikin ladabi.

"Hajiya, ban san abin da ta karanta ba, ko kalma ɗaya. Amma na san wadda ta karanta."

Ya yi bismilla ya kafa kai. Ya sha kusan rabi, ya sauke kwanon, leɓensa baƙi ƙirin, ya yamutse fuska ya dube ni.

"Wannan karon ko sukarin ba ki sa ba."

Baba ya sunkuyar da kai yana gyaran rawani, na san dariya yake ɓoyewa. Ya ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, gawayi ne da ƙaro, tawadar da kowa ya sha yana yaro. Ni kuwa a wannan lokacin na yafe wa Nazeer. Duk wani ƙullin da ke ƙirjina ya warware, don ya sha ne kafin ya ga hujja.

Sai a sannan na buɗe kwamfuta.

Na ce musu duk sanda nake hadda kyamarata a kunne take, don na riƙa jin inda harshena ke karkacewa. Na kunna na ranar. Ga ni ina karatu, ga taga a bayana, ga Firdausi a jikin tagar ta ɗaga waya. Ga ni na fita da kwano na zuba a gindin lemo. Na nuna musu hoton zoɓon, da kayan Sallah a jikina.

Wayar Firdausi ta suɓuce ta faɗi a tabarma. Ta fara rantse-rantse, wai ita tsoro ta ji wa ɗan'uwanta. Hajiya ta yi mata kallo ɗaya ta yi tsit. Ban ce mata komai ba, har yau kuma ban ce ba.

Hajiya ta juyo gare ni. Muryarta ta sauka, amma ba ta saki ba.

"To na ji ba ki ba shi ya sha ba. Sunana fa? Me sunana yake yi a bakinki cikin yaren nan?"

Na danna fim ɗin.

Hannuwa biyu suka bayyana, baƙaƙe masu jijiya, da tabon ƙuna a babban yatsan hagu. Suna riƙe da basilla da jar fata, suna ɗinka gafaka.

Hajiya ta yi wani irin numfashi. Ta matso har gwiwarta na taɓa kwamfutar.

Muryata ce ke tafiya a sama da Latin, ni kuma ina fassara mata a hankali. Wannan hannun Maharazu ne, badukun Kurmi, uban Nazeer, mijin Dije. Shekara arba'in yana zaune a wuri ɗaya, abin da ya ɗinka ya je garuruwan da shi bai taɓa zuwa ba.

Daga nan muryata ta ɗauke. A rana ta uku a rumfarsa Malam Maharazu ya manta da kyamara yana ta hirarsa, ita na sa a wurin. Muryarsa ta cika soron, da 'yar dariyar nan tasa.

"Mutane na cewa ɗinkin Maharazu ba ya warwarewa. Yarinya, ba ɗinkin ba ne, zaren ne. Dije ce ke yanka min zaren fatar nan a gida, siri-siri, shekara talatin ba ta taɓa ba ni mai kauri da siriri a haɗe ba. Kar ki gaya mata, kanta zai yi girma."

Nazeer ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Umma na share ido da mayafi.

Hajiya ta ɗora yatsunta a kan gilashin, daidai kan tabon nan. Hawaye na bin fuskarta, ba ta ko goge ba.

"Bai taɓa gaya min ba," ta ce. "Wallahi bai taɓa gaya min ba..."

Ta ce a mayar. Na mayar. Sau uku tana sa ni ina mayarwa.

Da ta samu kanta, sai ta kamo hannuna ta riƙe gam. Ta ce ta shigo gidan mutane ta ci mutuncin 'yarsu a gaban uwarta, ba ta san da bakin da za ta nemi gafara ba. Ni da na yi kwana biyar ina tanadin maganganun da zan mayar, sai na neme su na rasa. Na ce ba komai Hajiya, ai uwa ce ke. Na ce ni ma na yi laifi da na kama sunanta gatsal, yaren ne bai san kara ba.

Ta yi dariya cikin kuka. Ta waiga ta dubi akwatunan, ta ce wa Umma wa ya fito da kayan yarinya soro ƙura na hawa, a mayar mata da su ɗaki.

Sai ta ɗauki allon, jiƙaƙƙe, babu komai a jikinsa. Ta juya shi gaba da baya.

"Abin da kika wanke ɗin nan, shi ne na cikin fim ɗin?"

Na ce shi ne.

Ta miƙo min shi da hannu biyu.

"Sake rubuta min, 'yata. Wannan kar ki wanke."

An ɗaura aurenmu a ranar da aka sa, ko kwana ɗaya ba a ɗaga ba. Bayan wata uku na koma Ibadan na tsaya gaban malamaina na karanta bayanin nan da ka, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, Nazeer na zaune a baya yana gyaɗa kai kamar mai ganewa. Na fito da sakamako mafi kyau a ajinmu. Da na kira Baba na gaya masa, cewa ya yi to madalla, sai daga baya Umma ta tsegunta min har ɗalibansa sai da ya sa suka yi min fatiha.

Allon yana Jakara, a rataye saman gadon Hajiya. Duk baƙuwar da ta shiga ɗakin sai an nuna mata, har waɗanda suka yi ta tura bidiyon nan a waya. Takan ce surukarta ce ta rubuta, da Latin, yaren da duk unguwar babu mai jinsa sai surukar tata.

Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba. Amma ta sa na nuna mata inda sunanta yake kusa da na mijinta, kuma wurin har ya fara dushewa saboda yawan ɗora yatsa.